Tambayoyi da amsoshi kan yadda gwamnati ke kare lafiyar ma'aikata a wurin aiki

Waɗannan su ne tambayoyin da ma'aikata, wakilan ƙungiyoyin ƙwadago da masu ƙananan masana'antu suka fi yi. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka duk inda muka kawo adadi mun faɗi inda ya fito.

Me ya shigar da gwamnati tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki?

Wanda ke sayen inji daban, wanda hannunsa ke kusa da haƙoran injin daban. Mai kamfani ne ke yanke shawarar ko za a kashe kuɗi a sa wa injin murfi, amma in ba a sa ba yatsun ma'aikaci ne ke tafiya. Shi kuwa mai neman abin da zai kai gida ba ya cikin halin ja-in-ja. Wannan giɓi ne doka ta zo cikewa.

An daɗe da gane cewa doka ita kaɗai ba ta hana komai. Ingila ta yi dokokin masaƙu a 1802 da 1819, masu masaƙu suka yi biris da su don babu mai bin sawu. Sai a dokar 1833 aka naɗa sufetoci huɗu masu ikon shiga masaƙa su duba. A Amurka gobara ce ta farkar da hukuma: ranar 25 ga Maris 1911 mutum 146 suka mutu a wata masana'antar ɗinki da ake kira Triangle a birnin New York, yawancinsu 'yan mata, kuma an tarar da ƙofar fita a kulle. Dokoki da dama a wannan fanni haka suka samo asali, ihu bayan hari.

Haɗari ne ya fi kashe ma'aikata ko cuta?

Cuta, nesa ba kusa ba. Ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta fitar a 2023 ya nuna kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara ta dalilin aikinsu. Kimanin 330,000 ne na haɗari, sauran miliyan 2.6 cututtuka ne: ciwon zuciya, kansa, ciwon huhu. Wani ƙiyasi da ILO ta yi da Hukumar Lafiya ta Duniya ya danganta mutuwar mutum 745,000 a 2016 da yin aikin awa 55 ko fiye a mako, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya.

Wanda ya faɗo daga saman gini kowa ya gani, jarida ta buga. Wanda ya shekara goma sha biyar yana shaƙar ƙurar dutse a gida zai mutu, a ce tari ne ya ci ƙarfinsa, sunansa kuma ba zai shiga kundin kowace ma'aikata ba. Gwamnatin da ke ƙirga haɗari kawai tana kallon ɗan ƙaramin yanki ne na matsalar.

Akwai ƙa'idar da ta shafi duk ƙasashe?

Akwai. Yarjejeniyar ILO mai lamba 155 ta 1981 ta buƙaci kowace ƙasa ta tsara manufar ƙasa kan lafiyar ma'aikata tare da masu ɗaukar aiki da ƙungiyoyin ƙwadago. Mai lamba 187 ta 2006 ta ƙara da tsarin aiwatarwa da auna ci gaba. Mai lamba 81 ta 1947 ita ce ta sufetoci. A watan Yunin 2022 aka sanya lafiyayyen wurin aiki cikin muhimman haƙƙoƙin ma'aikaci, jere da haramcin aikin tilas da bautar da yara, wanda ke nufin duk ƙasar da ke cikin ƙungiyar ta ɗauki nauyin mutunta shi ko ba ta rattaba hannu kan yarjejeniya ta 155 da ta 187 ba. Sai dai a kotu dokar ƙasarka za a buɗe, don haka ita ya kamata ka fara nema.

To me doka ke ɗora wa mai wurin aiki takamaimai?

Kusan ko'ina abu na farko shi ne tantance haɗari. A zaga wurin aikin lungu-lungu a rubuta duk abin da zai iya cutar da mutum, a faɗi wa zai iya cutarwa (har da mai shara, mai gadi, baƙo da mai juna biyu), a tsayar da matakin da za a ɗauka, da wanda zai ɗauka, da ranar gamawa. A sake dubawa duk lokacin da aka kawo sabon inji, aka canja sinadari, ko aka tsallake rijiya da baya. A Birtaniya, mai ma'aikata biyar ko fiye dole ya ajiye wannan a rubuce.

Matakan kuma jere suke, ba a tsallake na sama a kama na ƙasa. Na ɗaya, a kawar da haɗarin baki ɗaya: a haɗa ƙarafan rufi a ƙasa sannan a ɗaga su, maimakon a tura mutum sama ya haɗa. In hakan bai yiwu ba, a musanya abu mai cutarwa da marar cutarwa, kamar fentin da ake damawa da ruwa a madadin mai tururi mai hawa kai. Na uku, a raba mutum da haɗarin ta hanyar gyaran inji ko gini: murfi a kan bel, shinge a bakin bene, bututun da ke zuƙe hayaƙin walda daga inda yake tashi. Na huɗu, a gyara tsarin aikin, a rage lokacin da mutum ke ɗauka a wurin, a horar da shi, a kafa alama. Kayan kariya na jiki su ne na biyar.

Kamfaninmu ya raba hular kwano da safar hannu da takalma. Bai wadatar ba?

Bai wadatar ba, kuma nan ne aka fi yi wa sufeto da ma'aikaci rufa-ido. Hular kwano ba ta hana bulo faɗowa. Katakon da aka kafa a gefen dakalin gini shi ke tare bulon, ya kare kowa, har wanda ya cire hularsa don zufa. Kayan jiki mutum ɗaya suke karewa, shi ma sai in sun yi masa daidai, ya sa su yadda ya kamata, kuma ba su lalace ba.

Wani lokaci ma su ne ke jawo musibar. Safar hannu kusa da inji mai juyawa, kamar na huda ƙarfe, takan sarƙe ta ja hannun gaba ɗaya. Igiyar tsaro da aka ɗaura a bututun ruwa za ta taho da bututun. Takunkumin yadi ba ya tare ƙurar da ke lalata huhu, don ta yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinta. Mai matata ne ke tarewa, shi ma sai ya manne da fata, gemu yana hana shi kamawa. Mai gemu akan ba shi irin wanda ke rufe kai duka yana turo tatacciyar iska.

Wa zai biya kuɗin kayan kariya?

Mai wurin aiki. Sashe na 21 na yarjejeniya ta 155 ya ce matakan kare lafiya ba za su ci ma'aikaci ko sisi ba. Cire kuɗin hula daga albashi ya saɓa wa wannan.

Wane iko sufeto yake da shi, kuma me yake dubawa?

Yarjejeniya ta 81 ta ba shi damar shiga wurin aiki ba tare da sanarwa ba, dare ko rana. Yana iya yi wa ma'aikaci tambayoyi shi kaɗai, ya nemi takardu, ya ɗebi samfurin sinadari. An kuma haramta masa bayyana wanda ya kai ƙara, ko ma ya nuna cewa ƙara ce ta kawo shi.

Gogaggen sufeto ba ya tsayawa a ofishin manaja. Yakan tura ƙofar gaggawa da hannunsa ya ga ko tana buɗewa, ya duba ranar da aka yi wa tukunyar kashe gobara hidima, ya nemi takardar gwajin tukunyar tururi da ta injin ɗaga kaya. Yakan leƙa bayan inji ya ga ko an naɗe makunnin murfin da salatif don injin ya ci gaba da aiki a buɗe. Littafin haɗari da ya shekara uku babu ko layi ɗaya a masana'anta mai mutum ɗari abin tuhuma ne a wurinsa.

In ya ga laifi, a tsarin Birtaniya na dokar 1974, wanda ƙasashe da dama ke da irinsa, takarda biyu ce a hannunsa. Ɗaya ta gyara, mai wa'adi. Ɗaya ta dakatarwa, wadda ke tsayar da aikin nan take in akwai barazanar mummunan rauni. Bayan su sai tara da kotu.

Na shekara goma ina aiki ban taɓa ganin sufeto ba. Me ya sa?

Ba su da yawa. Ma'aunin da ILO ta taɓa bayarwa shi ne sufeto ɗaya ga ma'aikata 10,000 a ƙasashe masu arzikin masana'antu, ɗaya ga 40,000 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma da dama ba su kai ko wannan ba. Ga rashin mota da na'urar awo. Sufeton da kamfani ya aika wa mota ta ɗauko shi, ziyararsa ta riga ta tashi daga ta ba-zata. Ga kuma tsofaffin dokokin da tararsu ta tsaya yadda aka rubuta ta shekaru aru-aru, har biyanta ya fi gyaran injin araha.

Abin da ke aiki duk da ƙarancin shi ne zaɓe: a tattara sufetocin a kan gine-gine, ma'adinai da wuraren sinadarai, a kuma bi ƙorafi da sauri. Wannan ya sa ƙorafinka yake da nauyi. Ka rubuta wuri, inji, ranar da ka ga abin, da mutum nawa ke aiki kusa da shi. "Wurin nan ba lafiya" ba ta tayar da kowa daga kujera.

Yaya ake sanin ƙara ko ƙura ta wuce ƙima?

Da awo. A ƙasashen Tarayyar Turai, in ƙara ta kai desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) a tsawon awa takwas dole a tanadi abin toshe kunne, in ta kai 85 dole a sa shi a kuma fara shirin rage ƙarar. Duk ƙarin desibel 3 yana ninka ƙarfinta, don haka lokacin da mutum zai iya jurewa yana raguwa da rabi: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 100 kwata ɗin awa kacal. In babu na'ura, ga gwaji: idan sai ka ɗaga murya wanda ke nesa da kai da tsawon hannu zai ji ka, an kai wajen 85. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Ƙurar da ta fi ɓarna ita ce ta silika, wadda ke tashi in ana yanka ko gurza dutse, kankare, bulo ko tayil. Tana shiga can cikin huhu ta bar tabo, tabon ba ya warkewa, yana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Amurka ta sa iyakar maikurogiram 50 a kowace mita ɗaya ta iska tsawo da faɗi da tsayi, maikurogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Maganinta mai arha ne: a riƙa zuba ruwa a bakin faifan yanka, ko a haɗa injin da mazuƙin ƙura, kuma kada a share wurin da tsintsiya a bushe. Ostareliya ta ga matasan masu yanka dutsen haɗi na teburin kicin suna kamuwa cikin 'yan shekaru, ta haramta dutsen ɗungurungum daga 1 ga Yulin 2024.

Me ya sa dokoki ke tsananta wa aikin cikin tanki, rijiya da rami?

Domin a nan ne mutum ɗaya ke faɗuwa a fito da gawa uku. Na farko ya shiga ya sulale, na biyu ya bi shi ceto, na uku ya bi na biyu. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 20.9 cikin ɗari. In ya sauka ƙasa da 19.5 ba a shiga. Tsatsa a cikin tankin ƙarfe kawai ta isa ta cinye shi. A ramin masai da magudanar ƙazanta kuma akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa take kashe jin wari. Mutum sai ya ɗauka ta wuce, alhali lokacin ne ta kai matakin kisa. Ta fi iska nauyi, a ƙasa take kwanciya.

Ƙa'idar ita ce a rubuta takardar izinin shiga, a auna iskar daga waje a sama da tsakiya da ƙasan ramin: oksijin tukuna, sai iska mai kamawa da wuta, sai mai guba. A tura iska da fanka tun kafin shiga har a fito, amma ba daga tukunyar oksijin ba, don wannan gobara ce. Janareto a waje yake zama, nesa da bakin ramin. Mai shiga ya ɗaura igiya, wani ya tsaya a bakin ramin, kuma aikinsa ya kira taimako ya ja igiya, ba ya shiga ko me ya faru.

Ramin da ake haƙa wa bututu shi ma haka. Ƙasa mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ta haura tan ɗaya. In ta rufto wa mutum zuwa ƙirji, numfashi ya gagara ko kansa yana waje. Dokar Amurka ta ce daga zurfin ƙafa biyar, wato mita ɗaya da rabi, a tokare bangon ko a kwantar da shi, a kuma tara ƙasar da aka haƙo aƙalla ƙafa biyu daga baki. Bayan ruwan sama a sake dubawa kafin kowa ya sauka.

Ana gyaran inji, kashe makunni bai isa ba?

Wani zai zo ya kunna. Abin da doka ke nema shi ne a kashe injin, a yanke wutar daga babban akwati, mai gyara ya sa kwaɗonsa ya jefa makullin a aljihu, ya rataya kati mai sunansa. Sai a saki ƙarfin da ya rage a ciki: matsattsiyar iska, man haidirolik, sifirin da ke a matse, ko wani sashe da ke rataye a sama, wanda sai an tokare shi. Daga nan a danna maɓallin kunnawa a tabbatar bai motsa ba. In masu gyara uku ne, kwaɗo uku. An fi samun matsala a canjin aiki, lokacin da na safe ya cire kwaɗonsa ya tafi, na yamma bai sa nasa ba.

Zafin rana fa, akwai doka a kansa?

Ƙasashe na ƙara shigar da shi. Ƙatar ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Shawarar hukumomin Amurka ita ce kofin ruwa ɗaya duk minti 15 zuwa 20 ba sai an ji ƙishi ba, da inuwa, da hutu. Sabon ma'aikaci kuma a fara masa da kashi 20 cikin ɗari na aikin a ranar farko, a riƙa ƙara kashi 20 kullum, don a kwanakin farko zafi ya fi kayar da mutane. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi a rana, a kai shi inuwa a jiƙa shi da ruwan sanyi nan take, a nemi asibiti.

Zan iya ƙin yin aikin da na ga zai halaka ni?

Sashe na 13 na yarjejeniya ta 155 ya ce ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da dalilin ganin barazana ce ta kusa ga ransa ko lafiyarsa, a kare shi daga ramuwar gayya. Sashe na 19 ya ce ya sanar da shugabansa nan take, kuma ba za a tilasta masa komawa ba sai an gyara.

Ranar 23 ga Afrilun 2013 aka ga bango ya tsattsage a ginin Rana Plaza a Bangladesh. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe. Masu ɗinki a benayen sama aka ce su dawo aiki washegari. Ginin ya rufta da safiyar 24 ga wata, mutum 1,134 suka mutu. Ma'aikaci ɗaya da ya ƙi shiga, kora ce tasa. Shi ya sa dokoki ke kafa kwamitin lafiya a wurin aiki da wakilan da ma'aikata suka zaɓa da kansu. In za ka janye, ka faɗi dalilinka a gaban shaida, ka rubuta, kada ka bar harabar, ka nuna a shirye kake ka yi wani aikin.

Na ji rauni a wurin aiki. Me zan yi don kada diyyata ta salwanta?

Magani tukuna. Bayan haka ka tabbatar an rubuta abin a littafin haɗari a ranar, komai ƙanƙantar ciwon, don targaɗen yau na iya zama tiyatar baɗi. Ka gaya wa likita a wurin aiki ne, ya rubuta hakan. Ka ɗauki hoton wurin kafin a gyara, ka riƙe sunayen waɗanda suka gani, ka ajiye kwafin kowace takarda. Kada ka sa hannu a takardar sasanci kana kan gadon asibiti.

Tsarin diyyar da ya yaɗu a duniya ya faro ne daga Jamus a 1884, zamanin shugaban gwamnati Bismarck: masu ɗaukar aiki ke zuba kuɗi a asusu, asusun ya biya magani da wani kaso na albashi, ba tare da ma'aikaci ya tabbatar da laifin kowa ba. Amma akwai wa'adin shigar da buƙata, kuma shi ya fi cinye haƙƙin mutane. Shi ma mai kamfani yana da nasa wa'adin na kai wa hukuma rahoton haɗari. A Amurka awa 8 ne in an yi rashin rai, awa 24 in an kwantar da mutum a asibiti ko ya rasa gaɓa ko ido.

Cutar aiki ta fi wuyar kafa hujja. Kansar da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ake sawa a kayan gini, ke jawowa takan ɗauki shekara 20 zuwa 40 ko fiye kafin ta bayyana, lokacin wataƙila kamfanin ya rufe. Don haka Birtaniya ta wajabta ajiye bayanan lafiyar irin waɗannan ma'aikata shekara 40. Kai ma ka adana takardar ɗaukarka aiki da sakamakon duk gwajin da aka yi maka.

'Yan kwangila da masu aikin yini da masu sana'ar kansu fa?

Nan ne kariyar ta fi rauni. Kimanin mutum biliyan 2, wajen kashi 60 cikin ɗari na masu aiki a duniya, suna aiki ne ba rajista, ba takarda. Tsofaffin dokoki kuma "masana'anta" kawai suka sani, ba su san gona, gareji ko gidan da 'yar aiki ke wanke-wanke ba. Sababbin dokoki suna ɗora nauyin a kan duk wanda wurin aikin ke hannunsa, saboda kada babban kamfani ya miƙa aiki mai haɗari ga ɗan kwangila ya wanke hannunsa.

Ga masu ƙananan sana'o'i, tara ba ta cika tasiri ba. ILO tana da tsarin horo mai suna WISE na ƙananan masana'antu da WIND na manoma, inda ake zagawa da masu sana'ar su ga gyaran da maƙwabtansu suka yi da abin da ke hannu: teburin aiki daidai gwiwar hannu, taga a inda hayaƙi ke taruwa, amalanke a madadin ɗaukar kaya a ka. Gwamnati tana kuma da wata igiyar a hannunta, tunda ita ce babbar mai ba da kwangilar hanyoyi da gine-gine. Tana iya ware kuɗin matakan kariya a matsayin layi na daban a takardar kwangila, ta riƙe biya in ba a yi su ba, ta kuma cire kamfanin da aka kama da sakaci daga jerin masu neman aikinta.